Ajin baftisma: yaya ake haɗa Afisawa 2 da Yakubu 2 ba tare da an rikita ɗalibai ba?

Malamin Aji, Samaru

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tambayata a kan ajin shirin baftisma ce na sashen Hausa. Ɗalibai 14 ne, yawancinsu manya, wasu ba su iya karatu sosai ba, kuma saura Lahadi huɗu a kammala. Ga inda ake cijewa. In an karanta Afisawa 2:8-9, cewa ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, sai wani ya ce to me ya sa ake matsa mana da zakka da baiko da gaida marasa lafiya? In an koma Yakubu 2:24, cewa ta ayyuka ake baratar da mutum, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ba ta bangaskiya kaɗai ba, sai wata ta ce ashe dai awo za a yi mana ranar ƙarshe. Da wane nassi ya kamata a fara? Wane tsari za a bi cikin mako huɗun nan? Allah ya ƙara muku sani.

Dattijo, Wusasa

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Kafin ka buɗe nassi, gyara kalmomi uku, domin rabin ruɗanin daga bakin Hausa yake fitowa.

Ta fari ita ce alheri. A Littafi Mai Tsarki alheri shi ne tagomashin da Allah yake yi wa wanda bai cancanta ba. Amma a kasuwar Sabon Gari, in an ce wane mai alheri ne, ana nufin hannunsa a sake yake. Mun kuma tashi da jin cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato wanda ya yi zai ga sakayya. To, ka faɗa wa ɗalibi "ta wurin alheri aka cece ka", shi kuwa ya ji "ta wurin alherin da na yi wa mutane". Ka ga ayar ta juye kanta ƙasa. Kada ka bar kalmar ta fita ita kaɗai a aji. Kullum ka ce alherin Allah, ka kuma tambaye su: wa ya yi, wa aka yi wa?

Ta biyu bangaskiya. Asalinta ba da gaskiya ne, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka yarda ce kawai cewa abu gaskiya ne. Wannan irin ce Yakubu 2:19 yake cewa aljanu ma suna da ita, har suna rawar jiki. Wadda Bulus, marubucin Afisawa, yake nufi ta haɗa da dogara, mutum ya saki duk nauyinsa a kan Almasihu. Wanda ya yarda gadar Kubanni tana da ƙarfi daban, wanda ya hau ta da kayansa daban.

Ta uku lada. Nassi bai kore ta ba. 1 Korintiyawa 3:11-15 ya yi maganar aikin da wuta za ta gwada: wani aikinsa ya tsaya ya sami lada, wani nasa ya ƙone ya yi hasara, amma shi kansa ya tsira. Harsashin ginin ɗaya ne, Almasihu. Saboda haka lada tana bisa harsashi, ba ita ce harsashin ba.

Yanzu nassi. Ni shawarata kada ka fara da Bulus, kada ka fara da Yakubu. Fara da Ibrahim, tun da dukansu biyu shi suka kafa hujja da shi, kuma aya ɗaya suka ɗauko, Farawa 15:6, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci. Ja dogon layi a allo ka sa alamu huɗu. Alama ta fari Farawa 15, kafin a haifi Isma'ilu. An haifi Isma'ilu Ibrahim yana da shekara 86 (Farawa 16:16). Alama ta biyu kaciya, yana da 99 (17:24). Ta uku haihuwar Ishaku, yana da 100 (21:5). Ta huɗu hawan dutsen Moriya don miƙa Ishaku hadaya a sura 22, lokacin da Ishaku ya isa ya ɗauki itacen hadaya a kafaɗarsa. Ka bar ɗalibai su yi lissafin da kansu: tsakanin alama ta fari da kaciya akwai fiye da shekara 13, tsakaninta da haihuwar Ishaku fiye da 14, sannan a ƙara girman yaron.

Bulus a Romawa 4 yana tsaye ne a alama ta fari. Tambayarsa ita ce, da me mai zunubi yake samun karɓuwa ga Allah? Abokan gardamarsa kuwa masu cewa sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya sun kiyaye Shari'ar Musa, maganar da aka zauna a kanta a Urushalima a Ayyukan Manzanni 15. Yakubu yana tsaye a alama ta huɗu. Tasa tambayar tana 2:14: in mutum ya ce yana da bangaskiya amma babu aiki, irin wannan bangaskiya za ta cece shi? Ja layi a ƙarƙashin "ya ce". Da mai da'awar baki yake magana. A aya 22 ya ce bangaskiyar Ibrahim tana aiki tare da ayyukansa, ta kuma kammalu ta wurinsu, a 23 ya ce nassin Farawa 15 ya cika. Abin da Allah ya lasafta tun farko ne ya fito fili.

Ga yadda zan raba makonnin, kowane zama minti 45, kada karatu ya wuce minti 10 saboda marasa karatu. Lahadi ta fari, Luka 18:9-14, Bafarisiye da mai karɓar haraji. Su ƙirga abin da Bafarisiyen ya lissafa, azumi sau biyu a mako da zakkar duk abin da ya samu, su ga cewa ba ƙarya ya yi ba, amma ɗayan ne ya koma gida karɓaɓɓe. Ta biyu, layin Ibrahim. Ta uku, Afisawa 2, amma har aya 10. Kuskuren da ya fi yawa ke nan, a tsaya a 9. Aya 10 ta ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka da ya riga ya shirya. Su haddace ukun a haɗe, kada ka karɓi hadda daga wanda ya yanke ta goma. Ta huɗu, Yakubu 2:14-26, ka haɗa Rahab ta aya 25 da Rahab ta Ibraniyawa 11:31. Mace ɗaya, aiki ɗaya na ɓoye 'yan leƙen asiri, wani marubuci ya kira shi bangaskiya, wani ya kira shi aiki.

In kana son abin nuni, kawo dashen mangwaro mai aure. Ana fere reshen, a tsaga uwar, a cusa, a naɗe da leda tam. Bayan mako biyu zuwa huɗu sai tofo ya ɓullo. Ba tofon ne ya haɗa reshen da uwar ba, ruwan uwar ne ya shiga ya fito da shi. Amma in wata biyu sun wuce babu tofo, reshen ya bushe ya yi baƙi, mai lambu ba ya cewa auren ya kama a ɓoye. Karanta musu Yahaya 15:1-8 dashen yana gabansu.

Mu Anglikan muna da wannan a rubuce cikin ƙa'idojin bangaskiya 39 na 1571. Ta 11 ta ce an baratar da mu ne saboda cancantar Almasihu ta wurin bangaskiya, ta 12 ta ce kyawawan ayyuka 'ya'yan bangaskiya ne, suna biyo baya, ba sa kawar da zunubi, amma Allah yana jin daɗinsu, kuma dole su tsiro daga rayayyiyar bangaskiya. Ko ba cocinku ba ce, tsarin zai amfane ka.

Maman Zumunta, Tudun Wada

Baba Dattijo, mun gode, Allah ya ja kwana. Abu ɗaya zan ƙara wa Malam. Aji ba zai gane Yakubu a kan benci ba. Misalin da Yakubu ya kawo a 2:15-16 ba na wa'azi ba ne: ɗan'uwa ko 'yar'uwa ba sutura ba abincin yini, wani ya ce su sauka lafiya, su ji ɗumi, su ƙoshi, bai ba su komai ba. Duk wanda ya san sanyin Disamba da Janairu a Zariya ya san nauyin wannan "ku ji ɗumi". Don haka a Lahadi ta huɗu a raba ɗaliban biyu-biyu, kowane biyu da dattijo ko uwa ɗaya, su kai ziyara gida guda. Maza wurin maza, mata wurin gwauraye.

Sai dai aikin taimako a ikilisiya yana da wuraren da yake lalacewa, kuma kusan kullum wurare ɗaya ne.

Kiran suna. Ranar godiyar kaka a tsaya a gaba ana shelar wane ya kawo buhu biyu, wane ya kawo akuya, ana tafi. Mai mudu ɗaya sai ta ɓoye nata ta koma da shi. Matiyu 6:1-4 a fili yake, mai bayarwa don a gani ya riga ya karɓi ladansa. Mafi muni kuma a jera masu karɓa a gaban jama'a ana ɗaukar hoto ana sawa a Facebook. Wannan tozarci ne, kuma masu kunya, waɗanda galibi su suka fi bukata, za su daina zuwa. A rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a kai kayan gida da yamma. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa domin kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21).

Lokaci. Ana tara hatsi da kaka, a rabe shi duka da Kirsimeti, lokacin da kowa yake da ɗan abin sawa a tukunya. Yunwar gaske tana zuwa ne Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, farashi ya hau, ga zazzaɓin cizon sauro. A raba kashi ɗaya cikin uku a Disamba tare da barguna da rigunan sanyi, a adana kashi biyu. A tabbata hatsin ya bushe ƙayau, in an ciza ƙwayar ta fashe da ƙara, a zuba a buhu mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako ba kan siminti ba. In an yi sakaci, kafin damina ƙwari sun mai da shi gari. A yi lissafi kuma tun wuri: a ce buhu ya ba da tiya 40, gidaje 10 kuma kowanne tiya 4 a wata, to buhu ɗaya wata ɗaya ne, wata uku buhu uku. Kada a yi alkawarin abin da ba a auna ba.

Jerin suna. In babu ƙa'ida, dangin shugabanni ne suke cika shi. Gunagunin farko a ikilisiyar Urushalima a kan rabon abincin gwauraye ne, shi ya sa aka zaɓi mutum bakwai (Ayyukan Manzanni 6). 1 Timoti 5 ya ce a fara duba ko tana da 'ya'ya ko jikoki da za su iya riƙe ta, domin nauyin nasu ne tukuna. Mai ƙarfin sana'a kuwa jari ya fi mata amfani da tiya. A sake duba jerin duk wata shida.

Na ƙarshe shi ne sharaɗi. Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman 'yan gidan bangaskiya. Maƙwabciya Musulma da gobara ta cinye ɗakinta tana cikin "kowa". A ba ta don tana bukata, kada a rataya wa buhun wani sharaɗi. Taimakon da aka mayar ƙugiya ya daina zama ƙauna, kuma mutane suna ganewa.

Katikis, Sabon Gari

Gaisuwa ga Baba da Mama. Ni ɗan Katolika ne, ina roƙon Malam alfarma ɗaya: in ɗalibi ya tambayi abin da muke koyarwa, kada a ce masa Katolika sun ce aiki ne yake ceto. Majalisar Tirent, babban taron bishof-bishof na Katolika, a dokarta ta 1547 kan baratarwa, ta ce babu abin da yake zuwa kafin baratarwa, ko bangaskiya ko ayyuka, da ya cancanci alherin baratarwar. Kyauta ce. Abin da muke ƙarawa shi ne wanda aka baratar yana girma cikin adalci ta wurin ayyukan da alherin Allah yake yi a cikinsa, kuma ladan da Allah yake bayarwa, kamar yadda Agustin, malamin ikilisiya na dā, ya koyar, kyautarsa ce yake naɗa wa rawani. Ayar da muke jingina da ita Galatiyawa 5:6 ce, bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna.

A sani kuma cewa wuri ɗaya tak a Sabon Alkawari da kalmomin "bangaskiya kaɗai" suka zo a jere shi ne Yakubu 2:24, kuma da "ba" suka zo. Martin Luta, wanda cocin Lutaran ya samo asali daga gare shi, shi ne ya sa "kaɗai" a Romawa 3:28 cikin fassararsa ta Jamusanci ta 1522, yana cewa ma'anar ta bukaci haka. A gabatarwar wannan fassara ce ya kira wasiƙar Yakubu ta ciyawa, wato marar nauyi, ko da yake bai fid da ita daga littafin ba.

Bambancin da ya rage na gaske ne, ba zan shafe shi ba. Ku kuna cewa adalcin Almasihu lasafta wa mutum ake yi, tsarkakewa kuma ta biyo baya a matsayin abu dabam. Mu muna cewa baratarwa ta haɗa gafara da sabunta mutum daga ciki, kuma babban zunubi yana raba mutum da alherin har sai ya tuba ya yi ikirari. Amma ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Katolika da tarayyar Lutaran ta duniya sun sa hannu kan sanarwar cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake kiranmu ga kyawawan ayyuka. Metodis sun shiga a 2006.

Ga ziyarar da Mama ta faɗa, jerinmu na ayyukan jinƙai bakwai zai taimaka: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyartar ɗan kurkuku, binne mamaci. Shida daga Matiyu 25 suke. Ku lura a can, waɗanda aka sa a hannun dama na Yesu ranar shari'a mamaki suka yi, suna tambaya yaushe muka gan ka da yunwa? Ba su riƙe littafin lissafi ba.

Malamin Aji, Samaru

Na gode ƙwarai, iyayena. Layin Ibrahim ya warware mini da yawa. Saura biyu da na san za su taso. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wane aiki ya yi? Sannan mai raunin zuciya da zai ce, aiki nawa ne ya isa in san bangaskiyata rayayyiya ce?

Fasto, Palladan

Malam, a kan ɓarawon, a karanta Luka 23:39-43 a hankali. Hannuwansa a kafe suke, sa'o'i kaɗan suka rage masa. Duk da haka ya tsawata wa ɗan'uwansa, ya amsa laifinsa, ya shaida Yesu bai yi laifi ba a gaban taron da ke masa ba'a, ya roƙe shi a matsayin sarki. Baki kaɗai ya rage masa, da shi ya yi. Ba wannan ne ya saya masa Firdausi ba, alkawarin Yesu ne, amma ko a sa'o'in nan tofon ya ɓullo. In wani ya ce shi ma zai jira ƙarshe, a tuna masa ɓarayin biyu ne.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma a nan malamai suke yi wa mutane rauni. Kada ka ba da adadi, nassi bai bayar ba. A misalin mai shuka, ƙasa mai kyau ta ba da riɓi 30, wata 60, wata 100, duka an kira su ƙasa mai kyau. Abin dubawa alkibla ce, kuma a tsawon lokaci: yana ƙin zunubin da dā yake sha'awa? In ya faɗi yana tashi ya tuba, ko yana gyara wa zunubin shimfiɗa? Yana mayar da abin da ya ci na mutane? Mutumin nan Zakka, mai karɓar haraji na Yariko, misali ne mai kyau. Yesu ne ya fara cewa zai sauka a gidansa, daga baya ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ga ɗan kasuwa wannan yana nufin mudun da ba a buga wa gindi ba, ga ma'aikaci zuwa aiki kan lokaci da ƙin cin hanci, ga maigida biyan ɗan aiki ranar da aka yi alkawari, abin da Yakubu 5:4 ya yi kuka a kai. Kada ɗalibai su fita da tunanin kyawawan ayyuka su ne zakka, waƙar kwaya da sharar majami'a kawai.

Mutum iri biyu ne a ajinka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai sakaci, wanda yake cewa an riga an cece ni, ka ba shi Romawa 6:1-2, Matiyu 7:21 da 1 Yahaya 3:17. Mai fargaba, wadda take kwana tana ƙirga kurakuranta, ka ba ta Romawa 8:1, Yahaya 6:37 da 1 Yahaya 1:9, ka kau da idonta daga kanta zuwa gicciye. In ka musanya, mai sakaci zai ƙara miƙe ƙafa, mai fargaba kuma ta daina zuwa cin Jibin Ubangiji. Daga kan mumbari ba a bambance su, sai an zauna da kowa shi kaɗai. Mutum 14, minti 15 kowanne, awa uku da rabi ke nan, ka raba su yammaci biyu kafin ranar baftisma, dattijo ɗaya yana zaune, in mace ce da uwa ɗaya daga zumuntar mata.

A zaman, tambaya biyu sun isa, kuma a wannan jeri. Ta fari: in ka tsaya gaban Allah yau, da me za ka dogara? In amsar ta fara da "na daina", "ina zuwa" ko "ina bayarwa", kada ka tsawata, koma da shi Luka 18 da Titus 3:4-7. In ta fara da Yesu da abin da ya yi, sai ka yi ta biyu: tun da ka ba da gaskiya, me ya sauya a gidanka, kuma wa zai iya shaida? Wanda yake da bashin da ya ƙi biya ko gabar da ya ƙi sasantawa, a rubuta sunan wanda zai je ya gani da ranar da zai je, dattijon ya raka shi in yana jin nauyi.